Makon Da Kano Ke Fita Kallon Kanta

Daga ranar da azumi ya kai ashirin, lissafi biyu ake yi a Kano. Malamai suna ƙirga dararen da suka rage na neman Lailatul Ƙadari, magidanta kuma suna ƙirga kawunan da ba a yi wa ɗinki ba. Lissafi na biyun ya fi hana barci. Mutum zai dawo daga asham ya tarar an shimfiɗa masa darduma, ga kunun gyaɗa ga ƙosai, yara sun yi shirun da ba su saba ba, uwargida sai sannu take jera masa. Duk wanda ya kwana biyu a gidan aure ya san wannan ladabi ba na banza ba ne. Yana dire kofi za a ce, "Malam, dama maganar kayan yara ce."

Washegari sai Kwari.

Kantin Kwari da ke Fagge ita ake yi wa kallon babbar kasuwar tufafi ta Afirka ta Yamma. 'Yan sari daga Maraɗi da Damagaram da Yamai, daga Chadi da Kamaru, nan suke zuwa su ɗaure dila su juya. A sauran watanni kasuwar tasu ce. A goman ƙarshe kuwa ta kowa ce. Layin da aka yi don mutum biyu su gifta juna sai ya ɗauki goma, ga ɗan dako da dila a ka yana "hanya, hanya", ga mai baro yana turo taya kan dugaduganka. Ba mai tafiya da son ransa, inda taro ya nufa nan ka nufa. Duk da haka ba a cika jin faɗa ba, ƙishirwa ta kashe wa kowa baki. In an taka ka, "yi haƙuri Alhaji" za ka ji daga wani wuri a bayanka, ba za ka ma ga mai maganar ba.

Tun kafin ka sa ƙafa a layi 'yan kamasho sun gama karanta ka. Sun ga takalminka, sun ga wayarka, sun san ko mota ka faka ko Adaidaita ce ta sauke ka. Mace Hajiya ce ko da ba ta taɓa raka wani filin jirgi ba. Budurwa Anti ce ko Amarya. Namiji mai tumbi Alhaji, marar tumbi Yallaɓai, mai tabarau da biro a aljihu Dakta. Kowane suna da kuɗinsa. Wanda aka ce wa Alhaji ya waiwayo da fara'a, to shi da kansa ya ƙara wa yadi tsada.

Yadda ake isa ga kuɗin da kowa ya sani

A wani shago ina jiran a yankar mini yadi, wata dattijuwa ta shigo da 'yarta. Atamfar da ta kawo ta ko kallonta ba ta yi ba, don abin da ido ya fara sauka a kai shi ake tsawwala wa kuɗi. Sai da ta sa yaron shago ya sauko da turame har suka yi tsibi a gabanta. Tana murza kowanne tsakanin yatsu, tana ɗaga shi ta hango haske, tana tambaya ko yana zuba, tana taɓe baki. Can, kamar ba da gangan ba, ta nuna wani da haɓa.

"Wancan na ƙasa fa?"

"Kai, Hajiya kin san kaya. Jiya aka fasa dilarsa. Dubu talatin ne, amma ke tamu ce."

"Don ni taku ce za ku yanka ni? Sha biyar."

"Albarka."

"Sha shida."

"Albarka, Hajiya. Ko uwar kuɗi ba ki kamo ba. Da azumi a bakina fa."

"Ni ma ai ba tuwo nake ci ba. Ke, tashi mu je."

A wannan tafiyar gwanintar take. In ka yi sauri, mai kaya ya ɗauka da gaske kake, ya ƙyale ka. In ka yi nawa, ya gane ba inda za ka. Hajiya ta kai bakin ƙofa ta tsaya gyaran mayafin da ba abin da ya same shi, ta tsaya neman takalmin da ke gabanta.

"Hajiya! Dawo, kawo ashirin da biyu, don dai kada ki fita da ɓacin rai."

A ashirin aka sallama. Ta ce a sa mata a leda mai kauri, ta tambayi lafiyar mahaifiyarsa, ya ce a gaida Alhaji. Bayan ta fita maigidan ya yi dariya, ya ce shekara da shekaru a wurinsa take saye, kuma kullum sai sun yi haka. Tun tana bakin ƙofa su biyun sun san ashirin ne.

Baƙo zai ce ɓata lokaci ne, a ɗauki rabin awa ana rantse-rantse don a isa inda kowa ya sani. Ni ban ga haka ba. A cikin rabin awar nan ita ta nuna ta san kaya, shi ya nuna yana ganin girmanta, sun gaisa, sun sabunta hulɗar da ranar da aljihu ya yi sanyi za ta sa a ce, "Tafi da shi, in an yi albashi kya kawo." Wanda ya biya kuɗin farko ba tayi kuwa bai kyauta wa kowa ba. Ya cuci kansa, shi kuma mai kaya ya kwana yana cizon yatsa, da ya sani da ya ƙara.

Abin ya daɗe. Baturen nan Hugh Clapperton da ya shigo Kano a 1824 ya zaga kasuwar birni, wato Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Ya rubuta cewa in an gama ciniki mai kaya yakan mayar wa mai saye wani ɗan abu daga kuɗin a matsayin albarka. Ya kuma ga ana sa sunan dillali a cikin ƙunshin riga ko turkudi, ta yadda ko a Borno aka kwance aka ga algus, kaya za su dawo a nemi dillalin. Da wuri ake ciniki a lokacin. Shekara 200 ke nan, amma har yau mai tumatir bai isa ya ƙulle leda ba tare da gyara ba.

Maza dai a wannan fage 'yan rakiya ne. Namiji in ya shiga kasuwa burinsa ya fita. Ya nuna, ya tambaya, ya rage dubu ɗaya don kada a ce bai taya ba, ya biya. A gida za a juya kayan gaba da baya a ce, "Nawa ka saya?" Ko nawa ya faɗa amsar ɗaya ce: "An cuce ka." Shi ya sa magidanta da yawa suke da farashi biyu, na ƙasa na uwargida, na sama na surukai. Mai mata biyu kuwa tasa jarrabawar daban. Zai sayi zane iri ɗaya, kuɗi ɗaya, a shago ɗaya, launi kawai ya bambanta, ya dawo yana ganin ya kure adalci. Kafin sahur zai ji cewa na waccan ya fi haske.

Su kansu kayan da ake wannan artabu a kansu, kaɗan ne na gida. Shaddar Getzner daga Ostiriya take zuwa, atamfar Holan daga masana'antar Vlisco, mafi yawan abin da ya cika shaguna kuma daga China. Kowane zane mai tsada yana da ƙanne, na ɗaya da na biyu da wanda wanki ɗaya ke tona masa asiri. Masaƙun Sharaɗa da Challawa da Bompai, da na Kakuri a Kaduna, yawancinsu sun yi shiru tuntuni. Bajamushen nan Heinrich Barth da ya zo a 1851 ya tarar da tufafin Kano, saƙar Kano rinin Kano, suna tafiya har Timbuktu da Tarabulus. Yanzu garin kwantena yake jira. Da ambaliya ta shiga Kwari a watan Agustan 2022, abin da aka yi ta shanyawa a rana kusan duk ya tsallako teku ne kafin ya zo ya jiƙe a Fagge.

Akwai kuma cefane, wanda shi ba ya jiran sallah. Kano ta raba wa kasuwanninta aiki: hatsi Dawanau, kayan masarufi Singa, kayan miya Yankaba, kayan marmari 'Yan Lemo, kwanuka da tukwane Rimi, gwanjo da robobi Ƙofar Wambai, waya Farm Centre, abin da ka rasa ko'ina kuma Sabon Gari. Wannan rabo ya haifar da wani irin mai tattali, wanda zai hau Adaidaita biyu daga Ɗorayi zuwa Yankaba don an ce attaruhu ya fi araha a can. Ya rage ɗari biyar a kan kwando, ya kashe ninkin haka a hanya, ya dawo yana yi wa maƙwabta wa'azin iya zama da kuɗi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 lissafin nasa ya ƙara lalacewa, amma bai daina ba. Masu kayan miya su ma sun koyi dabara. Kashi yana nan a kuɗinsa na jiya, tumatir ɗin ne ke raguwa ɗaya bayan ɗaya, har ka rasa ko kashi ne ko samfur.

Mulkin tela

Duk shekara "kai tela" ake ce masa. A makon ƙarshe na azumi sai ya koma Maigida, har da rusunawa. Shagonsa ya cika da ledoji har rufi, kowace da 'yar takarda an maƙala da allura, janareto yana ruri a waje, yara uku suna taka keke ido ya yi ja. Ka miƙa yadinka ya karɓa ko ɗagowa bai yi ba.

"Zai samu kafin sallah?"

"Haba Alhaji, naka ai ba a magana. Jibi da yamma, in sha Allahu."

Jibi ka zo, saura aiki, mai aiki bai kawo ba. Gata ka zo, an ɗauke wuta. Citta ka zo, saura maɓalli da guga, alhali ga ledarka can a ƙarƙashin benci yadda ka kawo ta, ko alli bai taɓa yadin ba. Daren sallah sai shagon ya koma ɗakin jira. Manyan mutane sun jeru a benci kowa ya zuba wa allura ido, wanda ba zai iya zuwa ba ya turo yaro da umarnin kada ya motsa sai da kaya.

A duk faɗin ƙasar nan ba wanda ya kai tela son azumi ya cika talatin. Ranar ashirin da tara, jama'a suna jiran sanarwar Sarkin Musulmi da murna, shi gabansa faɗuwa yake. In aka ce an ga wata, an zare masa kwana guda cur daga lissafin da dama bai cika ba.

Amma a yi masa adalci. Yadi ba ya zuwa sai albashi ya zo, albashi kuma ba ya duba kalandar Musulunci. Mai kawo ɗinki saura kwana biyar maƙwabci ne, ko limamin unguwa, ko wan matarsa. A wurinmu ka ce wa irin waɗannan "ba zan iya ba" ya fi ƙarya nauyi a baki. Shi tela ya san ba zai gama ba, mai yadi ma zuciyarsa ta gaya masa, amma an rabu da mutunci, sauran rigima a bar wa daren sallah.

A daren nan ba tela kaɗai ke kwana a zaune ba. Masu wankin hula sun jera huluna a kan kwabo, 'yan bugu suna dukan shadda har ƙarar tana tsallaka unguwa. A cikin gida ana suyar cincin, ana kitso, 'yan mata kuma sun zauna hannuwa a sama an zana lalle, ba mai iya ɗaukar ko cokali. Ƙannensu maza sun san wannan ne daren da za su tsokani kowa ba a kama su ba. Samari kuwa, tun tsakiyar azumi wasu wayarsu ta fara ba da matsala. Ga kayan shan ruwa, ga kayan sallah, sai ka ga saurayin da bai taɓa fushi ba ya tsiri rigima a kan abin da bai kai ya kawo ba. Za a shirya bayan sallah da kwana uku.

"Ya shigo?"

A ƙarshen 2022 Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, a farkon 2023 kuma tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo. Wahalar ta wuce, amma ta bar tabo a kasuwa. Mai rake, mai awara, mai shayi, kowa ya rubuta lambar asusu a jikin kwali ya rataye. Ciniki ya samu sabon mataki bayan sallamawa, wato jiran alat.

"Ya shigo?"

"Bai shigo ba."

"Ni dai an cire mini, ka gani."

"Zauna tukuna, Alhaji, netwok ne."

Mutum biyu da suka gama rantse wa juna yanzun nan sai su zauna a benci ɗaya kowa ya ƙura wa wayarsa ido. Mai kaya ba zai ce bai yarda da kai ba, amma ledar tana gefen ƙafarsa, don labarin alat na bogi ya zaga kowane layi.

Babbar asarar da mai saye ya yi ita ce ta tsohon makaminsa. A da in tayi ya yi tsami, sai ka zazzage aljihu, ko Hajiya ta kwance bakin zane, a nuna wa mai kaya: "Ka ga iyakar abin da ya rage, ko kuɗin mota babu." Hujja ce da ba a musu da ita. Yanzu kana zazzagewa zai nuna maka kwali ya ce a tura. Yara ma sun gane. Kawun da ya saba cewa ba shi da canji ranar barka da sallah, yau za a karanto masa lambar asusun Umma da ka.

Dillaliya ma ta shiga waya. A da ita ce mai shiga gida-gida da ƙullin kaya, tana kai wa matan kulle kasuwa har tsakar ɗaki, ta haɗa da labarin unguwa kyauta. Jikokinta suna WhatsApp da Instagram da TikTok, suna ɗora leshi da abaya da turaren wuta. Cinikin biri a sama ke nan. Abin da ka gani ruwan hoda a hoto ya iso ruwan goro, ka yi magana a ce hasken waya ne. Sai dai ko a nan tayi bai mutu ba. Ya koma saƙon murya na minti uku, minti biyu gaisuwa da tambayar yara, na ƙarshen kuma, "To Anti, yanzu gaskiya nawa za ki bar mini?"

Inda farashi ba ya amsawa

A 2014 aka buɗe Ado Bayero Mall a titin Gidan Zoo, Shoprite a ciki, har sunan kantin ya cinye na ginin a bakin jama'a. A nan Kanawa da yawa suka fara karo da farashin da aka manna a jikin kaya, wanda ko ka ce sha biyar ba mai ce maka albarka. Ka yi tafiyar nan ta bakin ƙofa, ka gyara hula, ka nemi takalmi, ba mai kiranka.

Mutanen gari ba su tsaya jayayya ba, sai suka mayar da wurin abin da suka fi buƙata, wurin shan iska. Sanyi kyauta ne, haske ya dace da hoto. A lokacin, iyali guda za su ɗauki keken sayayya su zaunar da auta a ciki, su zaga kowane layi, su ɗaga kwalba su karanta kuɗi su yi salati su mayar. A wurin biya, burodi ɗaya da lemo biyu. Ledar kuwa ba a yar da ita, sai ta yi wata tana zuwa unguwa. A watan Janairun 2024 Shoprite ya rufe reshensa na Kano, kamfanin ya danganta abin da yanayin kasuwanci, 'yan shaguɓe kuma suka ce ai dama hoto ba ya biyan haya. Manyan kantunan gida irin su Sahad da Jifatu suna nan suna ciniki, kuma har gobe za ka ji dattijo ya sunkuya ya ce wa yarinyar da ke kan na'ura, "'Yata, ba ragi?" Ta nuna masa kwamfuta, ya girgiza kai, ya biya yana jin an ci da haƙƙinsa.

Ranar da ake baje kolin

Duk wannan wahala ta Kwari da tela da alat, don kwana huɗu ko biyar ake shan ta. Ranar sallah Sarki ya sauko daga Idi a Ƙofar Mata ya koma gida a kan doki. Washegari Hawan Daushe, ya je gaida mahaifiyarsa a Babban Ɗaki ya dawo Ƙofar Kudu a yi jahi. Rana ta uku Hawan Nasarawa, a je gidan gwamnati a zago ta cikin gari. Daga nan sai Ɗorayi ko Fanisau. Hakimai kowa da tawagarsa, 'yan lifidi da 'yan sulke, dogarai cikin ja da kore, kakaki da algaita da tambari, 'yan bindiga suna sakin wuta har ƙirji ya amsa. A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano a jerin al'adun da duniya ta gada.

Sai dai in ka tsaya a bakin titi ranar Daushe ka lura da inda idanu suke, za ka ga wani abu. Sarki da lemarsa minti kaɗan suke yi a gabanka. Jira kuwa awa uku ne ko huɗu. A cikin awannin nan jama'a juna suke kallo. Wa ya sa Getzner ta gaske, wa ya sa ƙanwarta. Wace ƙungiyar 'yan mata ce ankonta ya fi zama. Wane ne aikin wuyan rigarsa ya karkace, alamar da asuba tela ya sake shi. Sabuwar shadda tana ƙara in mai ita ya motsa, don haka mai ita ba ya zama wuri ɗaya. Hajiyar nan ta Kwari, ko wata irinta, tana daga gefe tana sa wa kowane zane kuɗi a zuci, kuma da wuya ta yi kuskure.

Ga masu rake da ƙanƙara da alawa da balan-balan, ga yara cikin tabarau na roba da takalmin da aka saya da girma don ya kai baɗi. Ga saurayin da ya yi hayar doki bai taɓa hawa ba, yana murmushi da baki, hannu ya ƙanƙame linzami, dokin ne ke yanke shawarar inda za a. Ga 'yan sane su ma sun sha sabon ɗinki, don aiki ba ya yiwuwa da tsohon kaya a irin wannan rana. Farar shaddar da aka yi wata ana tanadi, kafin magariba ƙura ta mayar da ita ruwan ƙasa. Wanda tela ya yaudara kuwa yana gida a kwance, in an tambaya a ce zazzaɓi ne.

Rikicin sarauta ya sa 'yan sanda sun hana hawa a wasu bukukuwan sallah na 2024 da 2025. Masu dawaki da maroƙa da masu ɗinkin kayan doki sun ji a jikinsu, gari kuma ya yi rashin abin da ya fi ƙawata shi. Amma ba wanda ya ninke sabon ɗinkinsa ya mayar akwati. An fita. An cika tituna da gidajen dangi da wuraren wasan yara, an ga juna, an sa wa juna kuɗi.

Babbar matattarar yara ita ce Gidan Zoo, wanda aka gina a zamanin Gwamna Audu Baƙo a farkon shekarun 1970. Tun da aka hana acaɓa a 2013 Adaidaita Sahu ta gaji titunan Kano, kuma ranar yawon sallah ake sanin iyakar abin da za ta iya ɗauka. Kujerar mutum uku ta ɗauki yara takwas da yayarsu, biyu a gefen direba, kowa da kuɗin barka da sallah a dunƙule a hannu. A cikin Gidan Zoo ɗin zaki yana barci, bai san ana sallah ba, yara suna ta yi masa ihu ya tashi su ga abin da suka biya. Kura ta fi kowa jama'a, don kowane yaro ya san ta tun a tatsuniya, so yake ya ga ko da gaske wawuya ce.

Gidan ya taɓa ba duniya dariya. A watan Yunin 2019 aka nemi kusan naira miliyan 7 na kuɗin shiga da aka tara a bikin sallah aka rasa, sai labari ya bazu cewa gwaggon biri ne ya haɗiye. Jaridun ƙasashen waje suka ɗauka. Daga baya gwamnan lokacin, Abdullahi Ganduje, ya fito ya ce babu ma gwaggon biri a gidan. Bayan 'yan watanni, a Oktoba, zaki ya kuɓuce daga kejinsa, maƙwabtan gidan suka kwana ido biyu kafin a mayar da shi. Shi dai wannan ba wanda ya musa akwai shi.

Gidan Makama da Dutsen Dala da marinar Ƙofar Mata kuwa, waɗannan na baƙi ne. Bakano zai tsufa a gindin Dala bai taɓa hawa ba, sai ranar da abokinsa ya zo daga Legas. Ranar zai haye yana haki, ya tsaya a sama yana ba da tarihin Barbushe da Tsumburbura da ƙarfin hali, rabi daga makarantar firamare rabi daga kansa.

Kwana biyar da sallah gari ya lafa. Cincin ya ƙare, saura ɓurɓushi a gindin bokiti. Tela ya aiko da kaya da saƙon ban haƙuri, ɗinkin kuma ya yi kyau, abin da ya fi ba da haushi ke nan. Mai shagon unguwa ya buɗe littafin bashi yana bin shafi da yatsa, masu cewa sallah ta wuce ta bar wawa da bashi suna faɗa a hankali, don yawancinsu sunansu na ciki. Masu lissafi sun fara tambayar kuɗin rago, tunda wata biyu da kwana goma ba nisa ba ne.

Kwari ba ta samun hutun kirki. Duk bikin da aka ce sai bayan sallah yanzu ya taso, layukan sun koma hannun masu haɗa lefe. Za ka gan su su huɗu su biyar, gwaggo da yayyen ango, da doguwar takarda a hannu: atamfa kaza, leshi kaza, shadda, mayafai, takalma da jakunkuna, saitin akwati. 'Yan kasuwa sun fi son su a kan kowa. Suna saye da yawa, suna sauri, kuma ba su cika tsananta tayi ba, tunda kuɗin ango ne.